Cindo da Ƙwanson Marmaro

Ku matso kusa. Hajjo, bar taunar gyaɗar nan. Ni yayarku Talatu ba na maimaita magana, kuma labarin wani sakarai zan ba ku.

Kun san marmaron bayan dutse, wanda yanzu ko akuya ba ta shan ruwansa? Da can garai-garai yake, rani da damina. A bakinsa akwai ɗan kogo cike da jajayen ƙwanson teku. Kakanninmu fatake suka ɗauko su a ka, tafiyar wata uku. Abincin aljanar marmaron ne. Ba a taɓawa.

Sai ga Cindo, ɗan maƙwabcinmu. Wata shida ya yi a birni, ya dawo da kajin gidan gona da girman kai. Wai an ce masa garin ƙwanso yana ƙara wa ɓawon ƙwai ƙwari. Ya kwashe kogon tas, ya kai injin niƙa.

Kakarsa ta ce, "Ɗan nan, me ka aikata?"

Ya ce, "Haba Iya. Aljani da cin ƙwanso? Haƙoran ƙarfe gare shi?"

Har da dariyarsa. Wawa.

Ranar kasuwa, rana tsaka, ya ɗaure ƙwai a keke ya bi ta marmaro. Ba tsuntsu. Ba iska. Wata mata na zaune kan dutse, zanenta jiƙe sharkaf, ga shi rabon da a yi ruwa wata biyar.

"Sannu, Inna."

"Yunwa nake ji."

Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga nesa take, shuuu, kamar ka kara ƙwanso a kunne.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. "Na sayarwa ne, ba sadaka ba."

"Wa ya cinye tuwona?"

Ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta. Ba yatsu. Ƙananan ƙwanso ne manne har idon sawu, suna buɗewa suna rufewa. Numfashi suke yi.

Ta miƙo hannu, ba ta tashi ba, hannun ya iso keken. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa. Ruwan gishiri da yashi.

"Tunda teku kake so, ungo."

Ta hura masa iska a kunne.

Jarumin birni ya yar da keke, ya iso gida wando a jiƙe. Kajin duk irin wannan ƙwan mai gishiri da yashi suka riƙa yi har ya yanka su, naman ma ba ya ciwuwa. Marmaro ya koma gishiri. Saboda shi iyayenmu mata suke tafiya har ƙauyen gaba ɗebo ruwa.

Shi ne mutumin nan da ke zama bakin tasha da auduga cushe a kunne, yana ihu wai igiyar ruwa za ta cinye shi. Mutumin da ko kogin Neja bai taɓa gani ba. Kada ku ji tausayinsa.

Amma kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai, ko da rana. Har yau matar ba ta ci komai ba.