Muryar da Tela Bai Ji Ba

Sufeto bai ko zauna a kujerarsa ba Saje ya faɗo ofis ya ƙame.

"Yallaɓai, an tsinci gawa a ofishin ƙungiyar malamai. Shugabansu ne, wanda suke kira Gatari."

Sufeto ya mayar da hularsa kai. Duk garin an san Gatari. Watanni ke nan yana kai ruwa rana da hukumar ilimi a kan sabuwar yarjejeniyar aiki: a rage cunkoson yara a aji, a gyara rufin da ke yoyo, a kula da malaman da aikin ya nakasa. An ce da safiyar nan ma za a koma teburin sulhu.

Ofishin ɗaki ne guda a saman shagon wani tela. Gatari na kife tsakanin tebur da kabad, jini ya bushe a ƙeyarsa. Sufeto ya tsuguna ya duba raunin. A lanƙwashe yake kamar an danna bakin kofi a kan laka. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa komai ba. An jawo kujerar baƙi gaban tebur, alamar wani ya zauna.

Ya leƙa ƙarƙashin kabad, ya zaro wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai kamar babban yatsa, da karyayyen zobe a kansa.

"Mene ne wannan, Saje?"

"Allah masani, Yallaɓai. Ko na injin tela ne?"

A ƙasa malamai sun cika titi. Wani ƙosasshe mai jan biro a aljihu ya hau benci yana ihu cewa hukuma ce ta kashe musu shugaba. Saje ya ce Mataimakin marigayin ne. Sufeto ya lura cewa duk kukan da mutumin yake yi, idonsa a bushe yake, kuma yana bin mai ɗaukar hoto duk inda ya juya.

Tela dattijo ne, tabarau a kan hanci. Ya juya ƙarfen ya ce ba na kekensa ba ne.

"Jiya da yamma kana nan, Baba?"

"Ina nan, ɗana. Ina fama da kayan makaranta."

"Wa ya hau sama?"

"Matattakalar ta bayan shago take. Ban ga kowa ba. Amma na ji shi yana faɗa a waya."

"Ka ga wayar a hannunsa?"

"Ta ina zan gani, ina ƙasa? Ai ba sai an faɗa ba. Muryarsa kaɗai ake ji. Ya yi magana, ya yi shiru, ya sake magana. Har dariya ya yi."

"Me ya ce?"

"Keke na ƙara. Abin da na kama kawai, ya ce, 'Ni ba asibiti na buɗe ba.' Daga nan sai na ji wani ƙarfe ya yi ƙara sau ɗaya, sai shiru. Na ce abin sama na masu sama ne, na rufe shagona."

Sufeto ya sa aka sake birkice ɗakin. Babu waya a aljihun mamacin, babu a tebur, babu a ƙasa. Ya karɓi lambar wayar a wajen matar da ke share ofishin, ya ce wa Saje su wuce hukumar ilimi.

Ofishin Darakta akwai sanyi, akwai kafet. Mutumin ya tarbe su da fuskar ta'aziyya wadda aka goge kamar takalminsa.

"Rashi ne babba. Mun sha bamban, amma mutumin kirki ne."

"Yaushe rabonka da shi, ranka ya daɗe?"

"Tun ranar da zamanmu ya watse a makon jiya. Ko gaisuwa ba ma yi."

Sufeto ya ɗaga wa Saje gira. Saje ya danna lambar. Ɗakin ya yi tsit, sai ga waƙar waya tana fitowa daga aljihun tebur ɗin Darakta.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranka ya daɗe," in ji Sufeto. "Buɗe mu gani."

Darakta ya sassauta wuyan rigarsa. Ya ce jiya da rana sun ci abinci tare a wani gidan abinci da ke bayan gari, kuma a motarsa Gatari ya manta wayar. Direba ne ya kawo ta da safe.

"Abokan gaba na cin abinci tare?"

"Gabar ta gaban jama'a ce. Mun gama daidaitawa tuni. Za a ƙara wa manyan malamai alawus, shi kuma idan wa'adinsa ya cika akwai kujera a nan hukuma. Maganar yawan yara a aji ya janye ta."

"Marasa lafiya fa?"

"Duk wanda likitanmu ya ce ba zai iya koyarwa ba, za a sallame shi. Makaranta ba gidan jinya ba ce, Sufeto. Mun yi shekaru muna ɗauke da gawarwaki masu numfashi. Ka ga kuwa ba ni da dalilin kashe shi. Jiya babu wanda nake so ya rayu kamarsa."

"Ku biyu kawai kuka ci abincin?"

"Mu uku. Da Mataimakinsa."

A mota Sufeto ya yi ta jujjuya ƙarfen a tafinsa. Idan wayar tana motar Darakta tun da rana, to ba waya Gatari yake yi da yamma ba. Da mutum yake magana ido da ido, mutumin da tela bai ji muryarsa ba.

Aka kawo Mataimaki caji ofis. Ya shigo yana cika yana batsewa.

"Maimakon ku kamo azzalumai, sai ku kamo masu makoki?"

"Jiya da rana ina ka ci abinci?"

"A gida. Tambayi iyalina."

"Zan tambaye su. Amma Darakta ya ce kai ka cinye naman da ke tebur."

Mataimaki ya nemi kujera ya zauna. Jan biron ya fito da shi, ya mayar.

"Na je, amma ban yarda da abin da aka ƙulla ba."

"Ka faɗa a wurin?"

"Wurin bai dace ba."

"Wa ka gaya wa bayan kun tashi?"

"Ba kowa."

"To ka kwana a nan ka tuna. Saje, karɓi bel ɗinsa da takalmansa."

Tun kafin Saje ya matso bakin Mataimaki ya buɗe. Ya ce mutum ɗaya ya gaya wa, wata malamar firamare da ke bakin kasuwa. Da can Lasifika ake ce mata, don idan tana koyarwa a ajin farko har na ƙarshe ana ji. Alli da ihu a kan yara fiye da ƙima suka cinye mata maƙogwaro. Yanzu yara Malama Raɗa suke kiranta.

"Gatari ne ya yi ta yawo da ita taro-taro," in ji Mataimaki. "Ya tsayar da ita gaban jama'a, ya miƙa mata abin magana, ta yi ta ƙoƙari ba abin da ke fita, mata su fashe da kuka. Da ita ya ci zaɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Kai kuma me ya sa ka gaya mata?"

"Na ce mata ita ce ta farko da za a sallama. So nake ta zo taron ƙungiya na yau ta tona shi gaban kowa, a tsige shi."

"Kai ka hau kujerar."

"Wani dai zai hau." Ya yi 'yar dariya. "Amma in ita kake zargi ka ɓata lokacinka. Matar da ko kaza ba ta iya kora da baki?"

Sufeto ya sa Saje ya karɓe takalman duk da haka. Ya bar shi zaune babu takalmi, ya fita.

Makarantar na manne da kasuwa. Hedimasta ya raka su har ƙofar ajin yana ta ba da haƙuri kan ƙura. Yara sun cika benci, sun cika ƙasa, wasu na zaune a taga. Hayaniya kamar an watsa wa kaji tsaba. A gaban allo wata siririyar mace ce, gyale naɗe a wuyanta, leɓunanta na motsi amma ba a jin komai.

Ta ɗauki ƙararrawar hannu ta tagulla daga tebur ta kaɗa. Ƙarar ta fito a dakushe. Yaran suka kwashe da dariya.

Sufeto ya shiga ya miƙa hannu. Ba ta yi gardama ba. Ya kifa ƙararrawar. A cikinta wani noti ne aka ɗaure da siririyar wayar ƙarfe a madadin ɗan ƙarfen da ke kaɗa ta. Gefen bakinta ya ɗan lotsa. Ya ciro ƙarfen daga aljihu ya kara a ƙugiyar da ke cikinta, ya zauna daram.

Aka kai ta ofishin Hedimasta aka rufe ƙofa.

"Malama, jiya da yamma ina kika je?"

Ta yi magana. Saje ya daka mata tsawa.

"Ɗaga murya! Yallaɓai ke tambayarki!"

Ta juyo ta dube shi, duban da ya sa Saje ya kawar da kai. Sufeto ya jawo kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa tebur, ya karkata kunne. Muryar kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa.

"Daga makaranta na wuce wurinsa, Yallaɓai. Ƙararrawar na jakata, kullum da ita nake yawo, don in na bar ta yara su ɓoye. Ba faɗa na je yi ba. Yaya nake ce masa. Tare muka fara aiki, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba."

"Me kika ce masa?"

"Na ce, Yaya, gaskiya ne? Ya ce gaskiya ne, ba a yin sulhu sai an bar wani abu. Na ce ni ce abin da aka bari? Na ce mijina ya rasu, yara na gabana, ko a ɗakin karatu a ajiye ni in riƙa jera littattafai. Ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba."

Ta tsaya ta haɗiye yawu da ƙyar, hannunta a maƙogwaro. Ba wanda ya ba ta ruwa.

"Na ce to zan zo taro in faɗa wa kowa. Sai ya yi dariya. Ya sa hannu a bayan kunne, ya ce, 'Me kika ce? Ban ji ba.' Ya shaƙe muryarsa yana kwaikwayona. Ya ce, 'Je ki faɗa, in akwai mai ji.' Ya juya zai buɗe kabad, kafaɗunsa na rawa don dariya. Sau ɗaya na buga."

"Kin san ya mutu?"

"Da na fita yana numfashi. Na tsaya a matattakala ina so in kira taimako." Ta nuna wuyanta. "Na kira, Yallaɓai. Wallahi na kira."

"Shagon tela na ƙasa. Ƙafarki lafiya lau take."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka ne. Gida na tafi."

Sufeto ya rubuta, ya karanta mata, ta sa hannu. Ya buga wa Kwamishinan 'yan sanda waya ya shaida masa. Kwamishina ya yi hamdala, ya ce dama Darakta ya dame shi da kira, kuma a saki Mataimaki yanzu-yanzu, ana jiransa a hukuma. Shi ne sabon shugaba, kuma ya aiko cewa zai sa hannu a yarjejeniyar yadda marigayi ya bar ta, don girmama shi.

"Yadda ya bar ta, Yallaɓai?"

"Ina ruwanka? Kai dai ka kama mai laifi."

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya so ya ce a bari sai an shiga mota, amma kafin ya buɗe baki ƙarfen ya riga ya kama. Suka ratsa farfajiya da ita. Yara suka yi cincirindo a tagogi, wani ya shaƙe murya ya ce, "Sai gobe, Malama," sauran suka tuntsire.

Hedimasta ya biyo su da gudu har bakin mota. Sufeto ya ɗauka sallama zai yi da ita.

"Malama, makullin kabad ɗin aji. Da ragowar alli, in akwai a jakarki."

Saje ya zazzage jakar ya ba shi. Sai Hedimasta ya dubi Sufeto yana murza hannu.

"Ƙararrawar fa, Yallaɓai? Ta makaranta ce."

"Ta kotu ce yanzu."

Hedimasta ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya juya ya ƙwala wa malamar ajin da ke kusa kira. Wata matashiya ta leƙo, alli har gira, ba ta fi shekara da fara aiki ba.

"Kwashe yaran can ki haɗa da naki."

"Ranka ya daɗe, ina zan zuba su? Nawa ma a ƙasa suke zaune."

"Ki matsa su. Kafin a turo wata."

Direba ya tayar da mota. Malama Raɗa na zaune tsakanin Sufeto da Saje, hannuwanta a cinya, tana kallon yaranta suna turereniya zuwa ɗaya ajin da jakunkunansu a ka. Har motar ta fita ƙofar makaranta ta shiga cunkoson kasuwa, suna jiyo matashiyar tana ihu iya ƙarfinta, tana cewa a zauna, a yi shiru.