Masaƙin da Ya Rataya Alharininsa Daga Ciki

Can a ƙasar Sin, a zamanin da, an yi wani dodo mai suna Niyan. Duk jajibirin sabuwar shekara yakan fito daga teku ya bi gida-gida. Ba abin da yake tsoro sai jan launi, shi ya sa kowa ke rataya jan ƙyalle a ƙofarsa.

Wani masaƙi yana da jan alharini mai faɗi. Tsohuwa maƙwabciyarsa ta zo ta ce, "Ɗana, yago mini ko kamar tafin hannu."

Ya ce, "Haba Iya, wannan ai ba na yagawa ba ne."

Ta koma ta shafe ƙofarta da jar ƙasa. Shi kuwa, don kada ta yaga a ɓoye, sai ya rataya nasa daga ciki, ya sa sakata.

Da magariba karnuka suka yi tsit. Ƙarnin teku ya cika gari. Masaƙi ya ji wani taku mai nauyi ya wuce gida, ya wuce gida, ya wuce ƙofar tsohuwa. Sai takun ya tsaya.

Ya dubi alharininsa yana ta ƙyalli, ko zare bai ragu ba. Ta ƙarƙashin ƙofa, ruwan teku ya fara shigowa a hankali.