Gurbin Kosiso a Jikin Igiya

Ruwa kawai aka aike mu ɗebowa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin tankin sansanin cike yake. Oga Livinus, mai horar da mu, shi ya sa wa famfon kwaɗo, wai don mu koyi dogaro da kai.

Sansanin matasa ne na mako guda a hutun damina, cikin duwatsun bayan Kuru. Wata ƙungiya ce ta kwaso mu daga unguwannin Jos, ni Adama daga Dilimi. Aka karɓe wayoyinmu, aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da doguwar igiya mai zarge-zarge, kowa ya sa ƙugunsa a ɗaya. Da ita muke hawa dutse, da ita muke tsallake rafi. In hazo ya sauko har ba ka ganin na gabanka, sai na ƙarshe ya ja igiya sau biyu, wato ina nan, saƙon ya bi hannu-hannu har ya kai ga jagora.

Na ƙarshenmu Kosiso ne. Ranar Laraba ƙafarsa ta kumbura, babansa ya zo ya tafi da shi. Maimakon a kwance gurbinsa, sai Oga Livinus ya ce a bar zargen yana jan ƙasa a bayana, mu riƙa jin kunyar mun kasa riƙe ɗan'uwanmu. Mu muka kumbura masa ƙafar? Mutumin nan in ya hura usur, ji yake kamar shi ya dasa duwatsun.

Datong ne jagora, Badung na biye da shi, maza biyu masu cika baki. Sai Nwamaka a gabana, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran mota a Titin Bauchi. Ni da ita ba ma ga maciji. Tun ranar farko muka yi cacar baki a kan feraye dankali, don in ta sa 'yar wuƙarta rabin dankalin ke bin ɓawo. Na faɗa mata, ta ce in je in sayi tawa. Daga ranar wuƙar ba ta barin aljihunta, don dai kada in taɓa.

Ranar Juma'a, rana ta yi ja, muka ɗauki jarkoki muka nufi tafkin kuza. Tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, kore shar, ba wanda ya san zurfinsa. A hanya muka bi ta gefen ruga. Jummare, dattijuwar da ke kawo mana nono da safe, tana ɗaure maruƙa a dangwali, igiyarsu mai gurbi-gurbi kamar tamu. Ta tsaya tana kallon abin da nake ja.

"Ke 'yata, wannan gurbin na wa?"

"Inna, mai shi ya tafi gida."

"To naɗe shi a hannunki. Mu ko maraƙi ne ya mutu, a ranar muke kwance gurbinsa. Ba a barin zarge a buɗe da magariba. Wanda ba shi da wuri, wuri yake nema."

Na sunkuya zan naɗe, Datong ya daka mini tsawa. "Oga ya ce a bar shi. Kana so a hana mu abinci saboda kai?" Hausar 'yan rukuninmu ke nan, mace ma "kai" suke ce mata. Ya fizgi igiyar har na kusa kifewa. Na bi su ina tsaki.

Muna gama cika jarkoki hazo ya sauko. A duwatsun nan haka yake yi da damina, ba sallama. Na daina ganin Datong, na daina ganin Badung. Nwamaka ma sai farin takalminta. Hanyar komawa siririya ce, ta bi leɓen tafkin, ruwa a hagunmu.

Ƙarnin tsatsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci. Kwaɗi suna ta kuka, sai suka yi ɗif gaba ɗaya.

Abin da kawai nake ji shi ne zargen Kosiso yana jan tsakuwa a bayana. Shaa. Shaa.

Sai ya daina.

Na kai hannu baya. Igiyar ta tashi daga ƙasa. Ta miƙe daidai ƙuguna, kamar in mutum ya shiga.

Aka ja ta sau biyu.

"Nwamaka," na ce da raɗa, "ki bar wasan banza."

"Ni ina gabanka," ta ce. "Wa ya ja?"

Ban waiga ba. Na ji taku a bayana, jiƙaƙƙe, caɓal, caɓal. In na tsaya ya tsaya. Wani sanyi ya hura mini ƙeya, mai warin rami. Na fara a'uziyya.

Murya ta ce, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu: "Ina nan."

Sai aka fizge ni.

Jarkata ta faɗi ta gangara. Na zube a kan tsakuwa, ana jana ta baya zuwa ruwa. Igiyar ta ɗaure tam har gaba, na ji Badung ya yi ƙara. Na kira su. Na ce su ja, ai abin da aka yi kwana da kwanaki ana koya mana ke nan. Amsar da na samu ita ce ƙarar takalmansu a kan dutse. Sun zare ƙugunsu sun ranta a na kare.

Tsoro na ji, amma fushi ya fi shi. Na ƙanƙame wata saiwa ina tsine musu, ina tsine wa usur ɗin Oga Livinus. Nawa zargen ya shige cikin nama, ba ya kwantuwa. Saiwar ta tsinke.

Ruwa ya taɓa dugadugaina. Sanyinsa kamar yankan reza.

Ya kai gwiwa.

Sai jan ya tsaya cak. Nwamaka ba ta gudu ba. Ta zagaya wani dutse da igiyar, ta tokare ƙafafu, tana nishi.

"Zare naki ki tafi," na ce mata. "Zai haɗa da ke."

"Rufe bakinka."

Ta ɗaure igiyar a dutsen, ta rarrafo. Ta shigo ruwan, ita da ko iyo ba ta iya ba. Ta zura hannu ta bayana da 'yar wuƙar dankalin nan, ta fara gurzawa.

A lokacin na waiga.

Zargen a cike yake. Ƙugu ne siriri, launin yumɓu, ruwa na tsiyaya daga gare shi. Sama da shi hazo ne kawai. Hannu ya fito, dogo, farcen cike da baƙar ƙasa. Ya kama igiyar yana matsowa. Taƙi ɗaya tsakaninsa da yatsun Nwamaka.

"Yesu," ta ce. Ba ta daina gurzawa ba.

Igiyar ta tsinke.

Wutsiyar ta sulale cikin tafkin. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Jummare ce ta tarye mu da tocila, ta shafa mana kai, ba ta tambaye mu komai ba. A sansani muka iske Datong da Badung suna shan shayi, sun ce wai mun ɓata a hazo. Oga Livinus ya dubi guntun igiyar, ya dubi jinin da ke rigata, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya lalata kayan ƙungiya. Ranar rufe taro, a gaban iyaye, aka ba Datong takardar yabo ta haɗin kai. Na tashi na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Aka ce zazzaɓi ne ya taɓa ni.

Yanzu shekara ta zagayo. Duk Asabar ina zuwa shagon su Nwamaka, tana fere mini dankali rabi na bin ɓawo, ba na cewa uffan. A gidanmu kuwa ko igiyar shanya na gani da zarge a buɗe, sai na kwance ta.

Tabon yana nan zagaye da ƙuguna. In damina ta yi, magariba ta kawo kai, nakan ji an ja shi sau biyu.

Sai in kira Nwamaka a waya. Ba ta bari in yi magana.

"Na ji nima," takan ce. "Kada ka amsa."