Kujerar Mai Gareji

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a wani garejin gyaran motoci, kuma ɓarawon yana hannu. Sufeto ta ajiye shayinta ko kurɓa biyu ba ta yi ba, ta yafito Saje, suka shiga mota.

Tun daga bakin ƙofa take jin hayaniya. Kanikawa biyar sun yi wa wani saurayi zobe, yana zaune a kan tsohuwar taya, leɓensa ya fashe. Kayan jikinsa ne suka fara ɗaukar idonta: shuɗin kayan aiki sabo fil, an goge shi har karin guga yana tsaye a hannun riga.

"Wa ya dake shi?" ta tambaya.

Kowa ya kalli ƙasa.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga hannu, tare za mu tafi."

Mai garejin ya matso, wani ƙaƙƙarfan dattijo mai furfura a gemu. "Ranki ya daɗe, shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Jiya Lahadi ba ma aiki, ni ma na je duba mahaifiyata. Yau na buɗe, na tarar an sauke giyabos, wato akwatin giya, na motar Malama, shugabar makarantar nan ta bayanmu, an yi gaba da shi. Birki kawai aka kawo a gyara mata! Muna cikin salati sai ga wannan ya shigo da sallamarsa, wai ya zo kama aiki. Maigadi ya ce yaron nan ne ya gani jiya a garejin."

Sufeto ta nufi motar. Motar tana tsaye a kan ramin gyara, gurbin giyabos ɗin fayau. A gefe an shimfiɗa kwali, an jera notuna layi-layi, kowane layi an rubuta inda aka ciro shi. An tare man giya a cikin galan, an rufe bakinsa. Hatta ƙasan ramin an share.

Ta daɗe tana kallo. 'Ya'ya uku gare ta a gida, ta san yadda wuri yake zama idan mutum ya yi ɓarna yana sauri. Wannan aikin wanda yake so a yabe shi ne.

Ta taɓa ƙofar direba, ta duba gilasai. Ba a fasa komai ba.

"A kulle ka bar ta?"

"A kulle. Ga makullin, a aljihuna ya kwana." Mai gareji ya ɗaga makulli ɗaya tilo, ɗaure da guntun waya.

Ta sa aka shigar da saurayin ɗan ofishin garejin. Tebur ɗaya ne, da benci, da wata babbar kujera mai juyawa a ƙarƙashin fanka.

"Kai ka sauke giyabos?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Saje ya ɗago kai daga littafinsa. Ba kasafai ake samun amsa da arha haka ba.

"Gwaji ne aka ba ni," in ji saurayin. "Wata huɗu da na gama makarantar koyon kanikanci. Gareji goma sha ɗaya na je, kowa sai ya ce ba takarda suke nema ba, hannu suke nema. Ranar Juma'a na shigo nan da tsakar rana, ma'aikata sun fita cin abinci. Na samu Oga a kan kujerar nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi takarduna. Ya duba, ya ce in zo Lahadi da kayan aikina ya ga hannuna, idan na ci, in kama aiki Litinin."

"Wane Oga? Wannan dattijon na waje?"

"A'a. Wani ne mai farar shadda, yana da ɗan tumbi, da agogo."

"Ya ce maka shi ne mai garejin?"

Saurayin ya dubi kujerar. "Bai faɗa ba. Amma a kan kujerar yake."

Ta sa aka jera duk ma'aikatan a gabansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ya girgiza kai.

"Aljani ne ya ba shi aiki!" wani bakanike ya ce. "Ɗan Takarda, a makarantar taku har da darasin ƙarya?"

Dariyar ba ta yi nisa ba, domin wata mata ta kutso cikin garejin da goyo a baya, mayafinta yana jan ƙasa. Ta ture na gabanta, ta kama fuskar saurayin tana duba leɓen.

"Auta! Wa ya yi maka wannan?" Ta juyo kan Sufeto. "Hajiya, ni ce yayarsa. Ni na yi renonsa tun rasuwar mahaifiyarmu. Da hannuna na goge kayan nan da safe. Yaron da ko allura ya tsinta sai ya zaga gida yana cigiya, shi ne ɓarawo?"

"Baiwar Allah, ban ce shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Gyara goyonki, kan jaririn ya karkace."

Maigadi yana tsaye a bakin rumfarsa, yana ta murza hula.

"Baba, ta ina ya shigo?"

"Ta katanga, ranki ya daɗe. Na hango shi yana haurowa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ka hango ɓarawo da rana tsaka, ka bar shi ya yini yana aiki har da shara?"

"Tsoro na ji."

"Saje, giyabos ɗin irin wannan motar, mutum ɗaya zai iya haurawa katanga da shi?"

"Ko mu biyu sai mun yi nishi," in ji Saje.

Sufeto ta nuna ƙasa. Daga bakin rami har ƙofar waje akwai sawun ƙananan tayoyi, irin na motar ɗaukar kaya, ya shiga ya fita. Kwaɗon ƙofar kuwa lafiyarsa ƙalau.

"Wa ka buɗe wa, Baba?"

Maigadi ya ƙara murza hular. "Wataƙila lokacin na zaga bayan gida."

"Za ka tuna a ofis. Shiga mota."

Aka tafi da Auta ofishin 'yan sanda, aka karɓi wayarsa da bel ɗinsa a wurin rajista. Yayarsa ta ƙi tafiya, ta zauna a bencin baranda tana shayar da jaririnta, idonta a kan ƙofa. Sufeto ta san idan aka rubuta sunan yaron nan a takardar tuhuma, ko kotu ta wanke shi daga baya, babu garejin da zai sake barinsa ya taɓa sifana. Amma tausayi ba shaida ba ne. Mai yiwuwa ne kuma ya fi kowa wayo.

"Wa ya buɗe maka motar?" ta tambayi Auta.

"Oga. Da makulli. Ya zauna a inuwa yana danna waya. Da na gama, mai motar kaya ya zo, muka ɗora tare. Ya ce za a kai a wanke."

"Ba ka ga hannunsa ba irin na bakanike ba ne?"

"Na gani. Na ce ai manya ba sa taɓa baƙin mai."

"Lambar motar kayan?"

"Ban duba ba." Ya sunkuyar da kai, sai kuma ya ɗago. "Amma hotunan motar Malama suna wayata. An koya mana kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, ciki da waje, saboda kada mai mota ya ce ka lalata masa abu."

Hotuna ashirin da uku ne. Ƙarƙashin mota, wayoyi, notuna. Na huɗu shi ne allon gaban direba. Sufeto ta buɗa shi da yatsu biyu. Makulli yana jiki, amma ba guntun waya ne a ɗaure da shi ba. Wani ɗan jan takalmin roba ne, irin na 'yar tsana.

Ana cikin haka tasi ta tsaya a waje, Malama ta fito. Doguwar mace ce mai tabarau, da ganin tafiyarta ta saba a miƙe mata.

"Ina so in ga fuskar wanda ya yi mini wannan," ta ce.

"Za ki gani. A tasi kika zo, ba ki da direba?"

"Ina da shi. Zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya. Shekararsa goma sha ɗaya a gidana, shi ya kai motar garejin ranar Juma'a."

Sufeto ta miƙa mata wayar. "Kin san wannan?"

Malama ta gyara tabarau. "Takalmin 'yar tsanar jikata ne. Ita ta maƙala shi a makulli na biyu. Yana rataye a bayan ƙofar falona."

"Wa yake shiga falon?"

Malama ta nemi kujera ta zauna.

Sufeto ta leƙa ɗakin da aka ajiye maigadi. "Baba, direban Malama ka buɗe wa ko?"

Ya fashe da kuka. "Cewa ya yi Malama ce ta turo nata bakaniken. Motarsu ce, na san shi, kullum nan yake zama idan ya kawo gyara. Da safe da na ga an tayar da hankali, sai na ji tsoron aikina."

"Sai ka miƙa musu ɗan mutane su daka."

Ɗakin direban yana bayan gidan Malama, kusa da wurin janareta. Sufeto ta bar Auta da yayarsa a cikin mota a waje. Mai gareji ya biyo su da tasa, ya ce sai ya ga ƙarshen abin.

Suka tarar da direban kwance cikin bargo, yana nishi.

"Sannu, malam. Ina kake jiya?"

"Nan, ranki ya daɗe. Ko ƙofar gida ban leƙa ba."

Ta kai bayan hannunta goshinsa, yadda take yi wa yaranta ranar da ba sa son zuwa makaranta. Sanyi ƙalau.

"Tashi zaune."

Ya yunƙura, ya dafe ƙugu, ya yi ƙara ta gaske.

"Wannan ba zazzaɓi ba ne, ciwon baya ne. Me ka ɗaga mai nauyi?"

"Buhun abincin kaji."

"Ba ni da kaji," in ji Malama daga bakin ƙofa.

Saje ya ɗaga katifa. Ga wani ambulan ruwan ƙasa, a ciki takardar shaidar kammala koyon kanikanci, da hoton Auta a manne.

"A hanya na tsinta," direban ya ce da sauri.

Sufeto ta sa aka shigo da Auta. Yana ganin mutumin ya tsaya cak, har gwiwarsa ta fara lanƙwasawa don gaisuwa kafin ya tuna. "Shi ne," ya ce a hankali. "Shi ne Oga."

Mai gareji ya riƙe baki. "Wannan? Wannan da nake bari ya sha fanka a kujerata don yana kawo mana aiki?"

Direban ya dubi Malama, ya dubi ƙasa. "Na ji kina waya cewa za ki sayar da motar ƙarshen wata, 'yarki za ta riƙa kai ki. Ba wanda ya ce mini komai. Shekara goma sha ɗaya. Na ce bari in fita da wani abu a hannu. Ni ban iya kwancewa ba, kuma duk bakaniken da na sani zai tona ni. Ina zaune ina wannan tunanin sai ga shi ya shigo yana durƙusa mini."

"Ka san zai dawo Litinin," in ji Sufeto.

"Na sani."

"Ka san abin da za a yi masa."

Direban ya kawar da kai.

"Ina giyabos?"

"Bayan janareta, ƙarƙashin tamfol. Mai saye gobe zai zo."

Yayar Auta, wadda ta shigo ba da izinin kowa ba, ta matsa gabansa. Ba ta ɗaga murya ba. "Ran nan da ya dawo, bai iya cin abinci ba don murna. Cewa yake, Yaya, na samu uban gida mai mutunci. Har addu'a na yi maka."

Saje ya ɗaura masa ankwa, ya tallafe shi saboda bayan, suka bi ta tsakar gida a hankali. Malama ta juya baya har aka sa shi a mota.

Mai gareji ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya dubi Auta.

"Kai, Ɗan Takarda. Giyabos ɗin nan dole a mayar da shi, kuma ba wanda ya san inda kowane noti yake kamarka. Gobe ƙarfe bakwai. Idan motar ta tashi, ka zauna."

Auta ya buɗe baki, yayarsa ta riga shi.

"Zai zo, Alhaji. Amma kafin ya taɓa sifana, wanda ya fasa masa leɓe zai ba shi haƙuri a gaban kowa. Kuma da ni za a zo, in ji da kunnena."

Mai gareji ya kalli Sufeto kamar mai neman ceto.

"Ni nawa aikin ya ƙare," in ji Sufeto. Ta miƙa wa Auta takardarsa, ta shiga mota.