Saƙon Da Bai Kai Ga Direba Ba

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne: Sufeto, Injiniya, matashiyar da ke kula da manhajar wani kamfanin motocin ɗaukar marasa lafiya, kawunta mai kamfanin, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, Dogo direba, da wani dattijo da ya cika yana jiran mota.

Ranar Laraba da safe ɗan marigayin ya kai ƙara caji ofis. Ya ce jiya da yamma ya nemi mota, manhaja ta amsa cewa tana tafe, ba ta zo ba.

Da Sufeto ya isa kamfanin, mai kamfanin ya nuna 'yar ƙanwarsa, idonsa a ƙasa.

"Ita ke da saitin manhajar, ranka ya daɗe. Ni ko kunna kwamfuta sai an taya ni."

Injiniya na gaban allo, ga tsohon ciki.

"Yallaɓai, manhajar kashi uku ce, muna ce musu kwantena. Ta farko ta karɓi kira, ta biyu ta ajiye, ta uku ta tura wa direba saƙo. Duk daga fayil ɗaya suke ɗaukar saiti. Ga shi, 'gaske' aka rubuta, wato saƙo ya je wayar direba. Na karanta har idona ya yi ja. Kuma mutane na ta kira, saƙo ba ya fita!"

"Idan ba a sami wani hannu ba, da ke zan tafi," in ji Sufeto. "Amma mu ba takardar mutum muke tambaya ba, shi kansa muke tambaya. Ita ta ukun, ana iya tambayarta abin da ta riƙe?"

Ta buga tambayar. Amsa ta fito: "gwaji".

"Innalillahi! A gwaji saƙo a allo kawai yake tsayawa."

"A ina ta samo shi?"

"Sau ɗaya kwantena ke karɓar saiti, lokacin da aka tashe ta, wato aka kunna ta. In mai tashinta ya rubuta wani abu da hannunsa, nasa ke danne na fayil."

"Yaushe aka tashe ta?"

"Biyun tun watan jiya. Wannan jiya da rana. Ni kuwa jiya ina wurin awo."

Sufeto ya ɗauki hoton allon, ya ce ta gyara, ya fita wajen motoci. Ya sami Dogo yana goge gilashi, ya tambaye shi wa ya shiga ofis jiya da rana.

"Jiya? Ai Oga ne ya kawo baƙi masu kwat. Ya ce zai nuna musu aiki ba tare da wayoyinmu sun yi ta kuka ba. Na ce yau Oga ya ji tausayin talaka."

"Shi da bai iya kwamfuta ba?"

"Wa, Oga? Da yatsa biyu yake dukanta kamar ta yi masa laifi."

Sufeto ya koma ciki da Dogo, ya sa ya maimaita. Mai kamfanin ya fara musu, daga baya ya zauna ya amsa.

"Na sha ganin yadda take yi, na kwaikwaya. Da baƙin suka tafi na buɗe fayil, na ga 'gaske', na ɗauka ya koma da kansa."

"Kawu," in ji Injiniya, "ni ka nuna."

"Na ce ke za ki iya fid da kanki, 'yata. Ni ba zan iya ba."

Ta juya ta sake tashin kwantena ta uku.

Ana sa wa kawun ankwa, wayar Dogo ta soma ƙara, saƙonnin da suka maƙale suna shigowa bi da bi. Dogo ya duba na farko, ya cire hularsa. Adireshin dattijon ne, an rubuta: "A zo da gaggawa, numfashinsa na sama."

Nan labarin ya tsaya. Sha'anin kwamfuta ba da shi na tashi ba. Wanda ya ga kuskure, ina roƙo ya gyara, ya kuma yafe.