Ranar da Mahauci Ya Ba da Jini

Umaima na soya wagashi, cukun nonon shanu, a tsakar gida lokacin da mahaifinta ya dawo daga Dapaong. Alhaji Salifou babban mahauci ne a zangon Sokodé, kuma abu biyu suka kai shi arewa: ya sayo shanu, ya kuma binciki Rashid, malamin lise, wato sakandare, da ke neman aurenta. Shanun dai sun yi masa.

"Sannu da hanya, Baba."

"Yawwa. Maganar yaron nan, a bar ta."

Ko takalmi bai cire ba. Mahaifiyarta, Hajiya Salamata, ta ajiye butar da ta ɗauko masa.

"Alhaji, me ka tarar? Ba ya salla ne?"

"Yana yi. Shi ya ja mu la'asar."

"Gidansu fa?"

"Mutanen kirki. Amma na same shi da auduga manne a hannu. Wai ya warke daga korona, shi ne likitoci suka kira shi, ya je ya ba su jini har leda guda. Kuma ba ranar ya fara ba. Na ja fatar idonsa na duba, na taɓa bayan wuyansa. Ba nama, ba kitse."

"Ka ja masa ido? A ina?"

"A ƙofar makarantarsu. Ko maraƙi ba na saye ban duba ba, balle wanda zan ba 'yata. Tun ina yaro nake mayanka, Hajiya, ban taɓa ganin abin da aka zubar wa jini ya tashi ya ci ciyawa ba. Ba zan aurar da ita yau, gobe ta dawo mini cikin takaba ba."

Gaskiyarsa, bai taɓa gani ba. Sai dai ba a cika ba dabbobin nasa damar gwadawa ba.

Wagashin ya ƙone. Umaima ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta kira Rashid.

"Ni ban ji haushi ba," in ji shi. "Ko likita bai taɓa duba ni da kulawa haka ba."

"Rashid, wasa kake? Ya ce an fasa."

"Na ji. Ki yi haƙuri, kada ki yi musu da shi. Tsoro yake ji miki, kuma ni ba zan ƙi mutum don yana tsoron ki wahala ba."

Ya bayyana mata abin da likitocin ke nema. Duk wanda ya warke, jikinsa na barin wasu sojoji a cikin jini, su ne antikor. Wani nasa da yawa, wani kaɗan, kuma so suke su gane dalili. Shi ya sa suke tambayar mutum sigari, barci, abinci da nauyinsa.

Umaima ta gwada kai wa mahaifinta wannan bayani sau ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ta miƙo masa gishiri. Daga nan ba ta sake ba. Damina ta zo ta wuce, sabuwar doya ta shigo kasuwa, tana wanke masa rigunan mayanka tana kai masa abinci, ramar da take yi kuwa kowa ya gani ban da shi.

Sai ga sanarwa a rediyo: cibiyar jini ta Sokodé ma tana neman waɗanda suka warke. Alhaji na cikinsu, don cutar ta taɓa kwantar da shi har maƙwabta suka fara gaishe da Hajiya da murya ƙasa-ƙasa. Ran nan yana cin fufu, Umaima ta ce da mahaifiyarta, "Mama, an ce jinin Rashid akwai sojoji sosai." Ko da gangan ta faɗa, har yau ba ta bayyana ba.

Alhaji ya tsaya da loma a hannu. "Wancan karan? Mai cin salak? To su zo su auna jinin mai cin nama su gani."

A zatonsa ɗigo ɗaya za a ɗauka a yatsa, don haka ya gayyaci abokansa mahauta su raka shi su shaida. Umaima ta bi shi riƙe da jaka. Ma'aikaciyar cibiyar, Madam Khairiya, ta ɗora shi a sikeli, ta auna hawan jininsa, ta shiga tambaya.

"Alhaji, kana shan sigari?"

"Allah Ya kiyaye."

"Motsa jiki fa?"

"Ina hawa moto."

Sai ta fito da ledar ɗibar jini. Alhaji ya dubi ledar, ya dubi ƙofa.

"Ba dole ba ne," in ji ta. "In ba ka so, sai ka tashi."

Ta taga, abokinsa Inusa ya leƙo. "Sarkin yanka, ko mu riƙe maka ƙafafu?"

Alhaji ya miƙa hannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin jini bai iya kallon nasa ba. Silin ya ƙura wa ido yana salati har aka gama.

Da suka koma gida ya kwanta ya fuskanci alƙibla, ya nemi kowa ya yafe masa. Hajiya ta yafe, ta kawo masa farfesun hanta. Ya ce ba zai iya ci ba, sannan ya cinye. Washegari ya jira mutuwa har azahar, ba ta zo ba. Kafin Juma'a zaman ɗaki ya ishe shi, ya koma mayanka, aka jiyo shi yana yi wa masu fiɗa faɗa da muryarsa ta kullum.

Ranar karɓar rezulta, wato sakamakon gwajin, ya sa babbar riga, ya sake tara shaidunsa.

"Antikor ɗinka na cikin mafi yawa da muka gani," in ji Madam Khairiya.

"Kun ji ko? A sake faɗa, Inusa bai ji ba."

"Amma ba nama ba ne, Alhaji. Sau da yawa wanda cutar ta fi wahalarwa, da mai shekaru, da mai ƙiba, nasu muke gani da yawa. Masu sigari kuma nasu kan yi ƙasa. Har yanzu bincike muke. Ni dai da za ka rage tumbin..."

Wannan ɓangaren bai shiga kunnensa ba. Tun daga cibiyar har zango, babu wanda bai ji labari ba.

Da yamma yana maimaita wa Hajiya karo na ba adadi. Umaima ta durƙusa ta ajiye masa shayi.

"Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Ledar da suka ɗiba, kana jin rashinta?"

"Ni? Jiya ni kaɗai na kayar da bijimi."

"Ashe abin da aka ɗibar wa jini yana tashi."

Hajiya ta duƙufa kan tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Alhaji ya dubi hannunsa, inda ko tabon allurar babu, sannan ya dubi 'yarsa. A ranar ya ga ƙasusuwan wuyanta, shi da ke gane ramammiyar saniya daga nesa.

"Yaron nan," ya ce a hankali, "nasa sojojin sun kai nawa yawa?"

"Ba su kai ba, Baba."

"To. Ki ce ya turo manyansa. Mu ciyar da shi ko ya yi kama da mutane."

Bayan ƙaramar salla aka kai amarya Dapaong. Alhaji ya sake jan fatar idon ango a gaban jama'a, ya ce an samu ci gaba. Yanzu duk sanda cibiyar ta nemi jini, shi ke tattara mahauta, kuma yana gaya wa kowa cewa tun asali ra'ayinsa ke nan.

Umaima ba ta taɓa gyara masa wannan tarihin ba. Ta riga ta koyi cewa uban da ya hana don tsoro ba maƙiyi ba ne, kuma musu ba ya cire tsoro. Haƙuri ne ke ba mutum lokacin da zai gani da idonsa, ya sauko da girmansa a jikinsa.