Fasinjar Yaya Lantana

Ana gobe Yaya Lantana za ta tafi, gidanmu ya cika da kaya. Ɗiyar Kawu ce, amma a hannun Innarmu ta tashi. Ta karanci namun daji a jami'a, sai aka ɗauke ta cikin masu binciken da za su shiga wani daji can bayan duwatsu, inda ba waya, ba asibiti, su duba abin da ya rage na dabbobi. Sai bayan damina za ta dawo.

Duk makon tana fama da shiri. Allurar rigakafi, gidan sauro, fitila, ga garin kunu da ƙuli-ƙulin da Inna ta dage sai an cusa. Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Muka same ta a tsakar gida, ta miƙe ƙafa kusa da jakarta.

"Yaya, labarin sallama mana," in ji ƙanwata Nasiba.

"Na gaji, Nasiba."

Can ta ce mu matso, ta rage murya.

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Yau ya faru.

"Da rana tsaka na je karɓo takalmina wurin mai gyara. Babu abin hawa, ƙafata kuma ta yi nauyi. Sai na yanke ta bayan sabon gidan mai, inda tsohuwar kukar nan take kafin a sare ta.

"Ba kowa a hanyar. Ko akuya.

"Sai wata tsohuwa a kan kututturen, da ɗan ƙunshi a cinya. Na gaishe ta. Bakinta ya motsa, ya rufe. Ban ji komai ba. Sai da na yi taku biyu muryar ta iso, kamar daga cikin rijiya.

"'Ke ce mai tafiya dawa gobe.'

"Na ce, 'Ni ce, Iya.' Ban san ta ba, ban kuma taɓa ganinta a unguwar nan ba.

"'Akwai itatuwa?'

"'An ce akwai.'

"'Manya?'

"'Manya, Iya.'

"'Injin yanka fa?'

"Na ce, 'Abin da zai kai mu ke nan, ko a samu a hana.'

"Ta gyara zama, zanenta ya ɗan ɗaga. A nan na ga ƙafar. Babu yatsu. Kofato ne, siriri, irin na barewa. Duk ya tsattsage, ya cinye ta gefe, kamar an daɗe ana jan sa a kan kwalta."

Ƙanena Habu ya naɗe ƙafafunsa cikin riga.

"Nan take na fara Ayatul Kursiyyu. Ta yi shiru tana saurare har na kai ƙarshe. Bakin ya sake motsawa, na tsaya ina jiran muryar.

"'Kin yi tuntuɓe a tsakiya, amma Allah ya karɓa. Ba cuta na zo yi ba, jikata. Ina ma na ga ƙarfin cuta?'

"Ta ce tun kafin a kafa garin nan take cikin kukar. Da aka sare, ta koma tsamiyar bayan makaranta, aka sare. Ta faɗa tsohuwar rijiya, aka cike ta da shara. Yanzu a ƙarƙashin gada take, manyan motoci ba sa bari ta runtsa. Ta ce ta manta rabonta da barci.

"'Ki tafi da ni.'

"Na ce, 'Iya, motar ta cika, kuma ba tawa ba ce.'

"'Ba na cin wuri.'

"'In na ce a'a fa?'

"Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, 'To, sai in nemi kusa. Na leƙa darbejiyar tsakar gidanku. Ƙarama ce, ga hayaniyar yara. Amma yara sukan yi shiru in na daɗe a wuri.'"

Dukanmu muka ɗaga kai. A gindinta muke zaune.

"Me kika ce mata?" Nasiba ta tambaya, da ƙyar ake jin ta.

"Me zan ce? Na miƙa hannu.

"Ta kwance ƙunshin. Ƙwayar kuka ce guda ɗaya, baƙa. Ta ce in binne ta a bakin rafi, inda ƙarar mota ba ta kai wa, in tafi kada in waiwaya. Ta ce ladana, muddin ina dajin nan maciji ba zai sare ni ba, hanya ba za ta ɓace mini ba.

"Ta ɗora mini ita a tafin hannu. Sai da na durƙusa don nauyi. Da na ɗago, kututture ne kawai."

Habu ya ce, "Tana ina, Yaya?"

Ta ɗora yatsa a baki. Muka yi tsit. Daga ƙaramin aljihun jakar wani abu yake fitowa a hankali, ya shiga, ya fita. Numfashi ne, mai nauyi, irin na tsohon da ya samu barci bayan doguwar jinya.

"Ku bar ta," in ji Yaya Lantana. "Ni ma kwanciya zan yi, da asuba motar za ta zo."

Ta miƙe tana dafa bango. A bakin ƙofar ɗaki ta juyo.

"Kada in ji ɗayanku ya bi bayan gidan man nan shi kaɗai, musamman da rana tsaka. Da zan fito na ga sauran. Suna jere a gindin katanga, kowa da ƙunshinsa, kamar masu jiran mota. Ni dai ina da dajin da zan kai tawa. Ku ina za ku kai naku?"